Zaɓen mai kawo kayan tsabta a makarantun boko: misalin gundumar Damagaram Takaya

1. Gabatarwa

A farkon shekarar karatu, cikin watan Oktoba, shugaban makaranta da kwamitin iyaye sukan zauna su tsara abin da za a saya da ɗan kuɗin da aka tara. Alli da littattafan rubutu da gyaran tebura su ne a kan gaba. Kayan tsabta kuwa, in ma an tuna da su, a ƙasan takarda suke zuwa cikin layi guda: tsintsiya, omo, jabel. Daga nan sai a aiki wani kasuwa ya sayo wanda ya fi araha, ko a bar wa ɗan kasuwar da aka saba da shi ya kawo abin da ke cikin shagonsa. A wannan maƙala muna so mu nuna cewa layin nan guda ya cancanci a tsaya a kansa, domin abin da aka sayo shi ne zai taɓa hannun yara, shi ne zai shiga ramin masai, kuma shi ne zai ci ruwan da aka sha wahalar ɗebowa. Mun ɗauki gundumar Damagaram Takaya a matsayin misali, amma galibin abin da za mu faɗa ya shafi sauran makarantun jahar Damagaram.

Tun da takardun nan namu cikin harsuna biyu suke fitowa, ya kyautu mu daidaita kalmomi tun daga farko. Abin da Faransanci ke kira fournisseur mun fassara shi da “mai kawo kaya”; mun guje wa “ɗan kwangila” saboda a bakin jama'a kalmar ta fi karkata ga gini da hanya. Produit écologique mun ce “kaya marasa cutar da muhalli”. Sai bambanci mai muhimmanci tsakanin nettoyer da désinfecter: na farko shi ne wankewa, wato fitar da dauɗa da sabulu da ruwa; na biyu shi ne kashe ƙwayoyin cuta da magani. Hausa takan haɗa su duka a ƙarƙashin “tsabta”, kuma, kamar yadda za mu gani, rashin rarrabe su yana sa makarantu ɓarnar kuɗi.

2. Inda tunanin ya samo asali

A ƙasashen Turai da Amurka, hanyar da aka bi wajen gane kaya marasa cutar da muhalli ita ce ta tambari. Jamus ta ƙirƙiro tambarin Blauer Engel a 1978. A Amurka aka kafa Green Seal a 1989. Faransa ta fito da NF Environnement a 1991, Tarayyar Turai kuma ta kafa nata a 1992. Wata hukuma mai zaman kanta ce ke gwada kayan, in sun cika sharuɗɗa ta ba da izinin manna tambarin a jikin kwalba. Daga baya dokoki suka biyo: a 2005 jahar New York ta wajabta wa makarantunta amfani da irin waɗannan kayan, jahar Illinois ta bi sahu a 2007. A can, aikin mai saye ya taƙaita ga duba jerin kayan da aka amince da su, ya gwada farashi.

Tsarin yana da kyau, amma an gina shi a kan wasu abubuwa da ba a faɗa ba saboda an ɗauke su tabbatattu: akwai famfo a kowane bene, daɓen aji na tayil ne, ruwan wanki yana bin bututu zuwa tashar tacewa, kuma babban mutum ne mai albashi da safar hannu ke yin aikin. A makarantar ƙauye ta ƙasar Damagaram babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan. Kwalba mai tambarin Turai, in ma an same ta a manyan shagunan Yamai, tsadarta ta fi ƙarfin kwamitin iyaye. Hoton koren ganye da ake gani jikin wasu kayan kasuwa kuwa ado ne kawai, babu hukumar da ta tsaya masa. Ke nan dole mai saye a nan ya gina ma'auninsa da kansa, daga halin da wurinsa ke ciki.

3. Halin wurin

Gundumar Damagaram Takaya an cire ta ne daga ta Mirya a 2011, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomin Albarkaram, Damagaram Takaya, Gidimuni, Mazamni, Mowa da Wame. Babban ɓangarenta yana zaune a kan dutsen ƙarƙashin ƙasa da masana ke kira socle na Damagaram-Muniyo, inda ruwa ba ya samuwa sai a tsagar dutse, kuma rijiyar burtsatse takan fito busassa ko mai ƙarancin ruwa. Matsalar tsohuwa ce. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kuma birnin kansa ya dogara ne ga ruwan da ake turowa daga nesa, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 game da ruwa da tsabta a makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sun tanadi lita 5 ga kowane mutum a rana a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 a makarantar kwana. Mu ɗauki makaranta mai ɗalibai 300: lita 1500 ke nan a rana, wato bido 60 masu cin lita 25. Duk wanda ya san ƙauyukan da muke magana a kansu cikin watan Afrilu ko Mayu ya san cewa makaranta kan yi murna in ta samu kaɗan daga cikin wannan adadi, kuma abin da aka samu sha ne ya fi cancanta da shi. Saboda haka tambaya ta farko da za a yi wa kowane irin kayan tsabta ita ce: ruwa nawa yake ci? Garin sabulu mai yawan kumfa yana faranta ran mai wanki, amma yana neman ɗauraya biyu ko uku. A wurin da ake sayen ruwa daga ƴan ga-ruwa ko ake ɗauko shi a amalanken jaki, kuɗin ɗaurayar nan yana cikin farashin sabulun, ko da yake ba ya fitowa a takardar ɗan kasuwa.

Abu na biyu shi ne masai. Ƙa'idojin 2009 sun ce masai guda ga ƴan mata 25, masai guda da wurin fitsari guda ga yara maza 50. Inda aka gina su a karkararmu, kusan duka na rami ne. Ramin masai yana aiki ne da ƙananan halittun da ke ruɓar da abin da ke ciki, suna rage yawansa. Duk maganin da aka kwarara a ramin da sunan kashe wari yana kashe su, ramin ya yi saurin cika, alhali motar yashe masai ba ta zuwa ƙauye. Masan da ya cika ko ya ƙazanta, yara sukan ƙaurace masa su koma bayan katanga. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a jahar da ta daɗe tana fama da ciwon idon nan da likitoci ke kira tarakoma, domin ƙudan da ke yaɗa shi a kashin mutum da ke fili yake hayayyafa, ba ya yi a cikin rami.

Abu na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne hannun da ke yin aikin. A jami'a da wasu manyan makarantun birni akwai leburori da masu gadi. A makarantar firamare kuwa ɗalibai ne ke shara da wanke masai bi da bi, kuma, mu faɗi gaskiya, nauyin ya fi faɗawa kan ƴan mata, ko kan wanda ake so a hora. Yaro ɗan shekara 9 ba ya karanta gargaɗin da aka rubuta da Ingilishi ko Faransanci da ƙananan baƙaƙe. Kayan da za a ba shi dole su zama waɗanda ko ya yi kuskure ba za su ƙone shi ba. Sauran kuwa su zauna a kulle a hannun malami.

4. Kayan da kansu

Jabel shi ne ya fi cancantar dogon bayani, domin shi ne ya fi amfani kuma shi ne aka fi cutar mai saye da shi. Sunan ya fito daga Javel, wata unguwa ta Paris inda aka fara haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18. Ƙarfinsa yana ga yawan sinadarin kulor da ke ciki, wanda ake rubutawa ta hanya biyu: ko kashi cikin 100, ko da digiri irin na Faransa. Digiri guda daidai yake da giram 3,17 na kulor a lita. Ke nan jabel mai digiri 12 yana da kimanin kashi 3,6 cikin 100, mai digiri 9 kuma kimanin kashi 2,6. Garin kulor da ma'aikatan lafiya ke kira HTH yana da kashi 65 zuwa 70, kuma ba kayan ajiya a makaranta ba ne sai in akwai wanda aka horar.

Abin lura shi ne jabel ba ya zama yadda yake. Zafi da hasken rana suna cinye ƙarfinsa, kuma mai kauri ya fi saurin lalacewa: ƴar jakar roba mai kashi 9,6 da ake sayarwa a Faransa wata 3 kawai ake ba ta. To, ina ga kwalbar da ta yi makonni a bayan babbar mota, ta zauna a rumfar kwano a Kasuwar Dole cikin zafin da ke wuce digiri 40? Ga kuma wanda ake ɗurawa a tsofaffin gorunan ruwan sha, babu suna, babu kwanan wata, sau da yawa an riga an sirka shi. Warin kulor ba shaida ba ne, domin hanci yana jin sa ko da ƙarfin ya ragu ƙwarai.

A lokacin annobar kwalara ma'aikatan lafiya suna aiki da sirki uku: kashi 0,05 cikin 100 don hannu, kashi 0,2 don daɓe da kayan aiki, kashi 2 don amai da gudawa. Lissafin mai sauƙi ne: a raba ƙarfin kwalba da ƙarfin da ake so, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne adadin mudun ruwan da za a zuba wa mudu guda na jabel. Daga 2,6 zuwa 0,2, sai a ce 13 a cire 1, wato ruwa 12. Idan kwalbar ta yi ƙaryar ƙarfinta, lissafin duka ya rushe, malami yana zaton ya kashe ƙwayoyin cuta alhali ruwa ya yayyafa. Jahar Damagaram na cikin waɗanda kwalarar 2021 ta shafa, saboda haka zancen ba na nesa ba ne.

Daɗin daɗawa, kulor ba ya aiki a kan dauɗa: dauɗar ce ke cinye shi. Sai an wanke da sabulu tukuna, a shafa jabel ɗin da aka sirka a ranar, a bar shi kamar minti 10. Daga nan ne ake gane cewa ajin karatu ba ya bukatar jabel kullum. Wurarensa su ne daɓen masai da marfinsa da hannun ƙofa, da randa ko tankin ruwan sha lokacin wanke su, da inda yaro ya yi amai. Rage shi zuwa waɗannan wurare shi ne babban abin da makaranta za ta yi wa muhalli da aljihunta a lokaci guda. Kuma kada a taɓa haɗa shi da ruwan asid na wanke masai, domin iskar kulor mai shaƙe numfashi ce ke tashi; haka nan zuba shi a inda fitsari ya taru yana ta da iska mai cutar da ido da huhu.

Akwai wata hanya da ta cancanci jami'o'inmu su gwada: haɗa jabel a wurin da ake bukatarsa. Na'urar WATA ta gidauniyar Antenna da ke Janeba tana amfani da lantarki, har na hasken rana, ta mai da ruwan gishiri mai giram 25 a lita zuwa ruwan kulor mai giram 6 a lita. Ba ya daɗewa, ana so a yi aiki da shi cikin kwana guda in ba a ƙara masa abin da zai riƙe shi ba, amma ya kawar da matsalar jigila da ta tsohuwar kwalba. Na'ura guda a cibiyar lafiya ko a kwaleji za ta iya wadatar da makarantun kewaye.

Girezil, baƙin maganin nan mai kaifin wari da ake zubawa a salga, muna ganin a cire shi daga jerin kayan makaranta gaba ɗaya. Daga dangin sinadaran kwalta yake, yana ƙona fata, guba ne in an sha, yana kashe halittun ramin masai, kuma idan aka sirka shi da ruwa fari yake komawa kamar madara. Farin ruwa a cikin gorar lemo, a ɗakin da yara ke shiga, hatsari ne da ba ya bukatar bayani. Abin da ake nema a wurinsa, wato rage wari da ƙuda, toka da marfi mai rufe bakin rami da bututun iska mai raga suna yin sa.

Omo, wanda ya zama sunan duk wani garin sabulu a bakinmu, a Turai laifinsa shi ne sinadarin fosfat da ke sa ciyawar ruwa ta mamaye tafkuna. Faransa ta hana shi a sabulun wankin gida a 2007. A nan ruwan wanki rairayi yake shiga, saboda haka a ganinmu matsalar ba ta kai ta can ba, sai a makarantun da ke bakin ruwa kamar tafkin Gidimuni, wanda aka sa cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar a 2019. Babban laifin omo a wurinmu shi ne ƙananan ledojin da yake zuwa a ciki. Doka mai lamba 2014-63 ta 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ledoji marasa kauri, amma duk wanda ya dubi ƙayar da ke kewaye da makarantu ya san inda aiwatar da ita ya tsaya. Awaki suna cin ledar, abin da ya saura kuma a tara a cinna masa wuta a farfajiya. Hayaƙin roba ga huhun yara daban, wuta kusa da ajin zana daban: gobarar da ta tashi a wata makaranta a Yamai cikin Afrilun 2021 da wadda ta tashi a Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, kowace ta kashe yara ashirin ko fiye a azuzuwan zana. Buhu guda babba da ake awo daga ciki da gwangwani ya fi ƙananan ledoji ɗari.

Duk da haka omo yana da wani amfani da ba a cika sani ba. Binciken da aka yi a Bangaladash ya nuna cewa giram 30 na garin sabulu a cikin gora mai lita 1,5 yana ba da ruwan wanke hannu mai aiki kamar sabulun dunƙule, ga araha, ga shi ba ya ɓacewa a aljihu kamar yadda dunƙulen ke yi.

Sabulun gida, wanda ƙungiyoyin mata ke yi da man gyaɗa ko na dogonyaro ko na aduwa, shi ne ya fi dacewa da manufarmu: ƙasa tana cinye shi, ba ya zuwa da leda, kuɗinsa kuma a gari yake zama. Amma a nan ma kada son abin gida ya rufe mana ido. Da soda ake haɗa shi, kuma in sodar ta yi yawa ko ba a bar shi ya huta kamar mako 4 ba, yana cin hannu. Takardar gwajin pH tana warware shakka: sabulu mai kyau yana tsakanin 9 da 10, wanda ya wuce 11 a mai da shi. Sabulun ruwa da ake koya wa mata a tarukan horo kuwa, sinadaransa na masana'anta ne da ake sayowa a kasuwa. Haɗa shi a gida bai mai da shi na gargajiya ba, sai a auna shi da ma'aunin sauran.

Kanwa, wadda ƙasar Manga da Muniyo suka shahara da ita tun zamanin ayarin fatake, tana narkar da maiƙo kuma tana taimakon sabulu a ruwa mai zartsi, saboda haka tana da wuri a ɗakin girkin makarantu masu ciyar da yara. Toka ma haka. Sai dai nazarin ƙungiyar Cochrane na 2020 bai samu tabbatacciyar hujja ba cewa wanke hannu da toka yana hana cuta, don haka madadi ce ranar da babu sabulu, kuma ita da kanwa ba sa maye gurbin jabel lokacin annoba. Tsintsiyar kaba da ta ciyawa ba su da abokin takara a daɓen rairayi ko fasasshen siminti. Ta roba tana karyewa cikin wata kaɗan ta zama shara. Abin gyara a nan shi ne lokacin sharar: a yi ta bayan an tashi, tagogi a buɗe, a yayyafa ruwan da aka tara daga wurin wanke hannu, maimakon a ta da ƙura da safe yara su zauna cikinta, musamman lokacin hunturu.

5. Yadda za a yi zaɓen

Masu saye iri uku ne. A firamare akwai kwamitin kula da makaranta, COGES, wanda aka yaɗa a faɗin ƙasa wajen 2005 kuma aka sake masa suna CGDES a 2012. Kuɗinsa mafi yawa karo-karon iyaye ne. Akwai ƙananan hukumomi, waɗanda dokokin 2016 suka miƙa wa wasu ayyukan ilimi da ruwa da lafiya da muhalli. Akwai kuma manyan makarantu da jami'a, masu bin ƙa'idojin cinikin gwamnati. Girman kuɗin ya bambanta, amma kuskuren iri ɗaya ne: a nemi takardun farashi uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Kowa kuma ya san cewa wani lokaci takardun ukun daga aljihu guda suke fitowa.

Faransanci ya bambanta moins-disant, mai mafi ƙarancin farashi, da mieux-disant, mai mafi kyawun tayi. Ga misali na lissafi, da farashin da muka ƙaddara don bayani kawai. Ɗan kasuwa na farko ya kawo litar jabel mai kashi 2,6 a kan tamma 500, wato dala 100. Na biyu ya kawo lita a kan tamma 300, dala 60, amma gwaji ya nuna kashi 1 ne a ciki. A takarda na biyu ya yi nasara. Idan aka sirka su zuwa kashi 0,2, na farko zai ba da lita 13, na biyu lita 5. Ke nan kowace litar aiki ta tashi kimanin tamma 38 a wurin na farko, tamma 60 a wurin na biyu. Farashin da ya kamata a gwada shi ne na litar da aka yi aiki da ita. Haka sabulu: wanda bai bushe ba ruwa ake saye da kuɗin sabulu, kuma cikin kwana kaɗan zai narke.

Kafin a kira kowa, kwamiti ya rubuta abin da yake so, abin da ake kira cahier des charges, ko da shafi guda ne. A ce jabel ya zo a kwalbar da haske ba ya ratsawa, da ƙarfinsa da ranar haɗa shi a rubuce. A ce omo ya zo a babban buhu. A ce ba a karɓar kowane magani a gorar abin sha. A ce mai kawo kaya zai kwashe bido da kwalaben da suka ƙare in ya kawo sababbi. A kuma rubuta cewa za a gwada samfuri kafin a sa hannu, a sake gwadawa ranar karɓar kaya. Gwajin bai fi ƙarfin gunduma ba: jami'in tsabta na cibiyar lafiya ya saba da ƙwayar DPD da ake auna kulor a ruwan sha, kuma in aka sirka jabel da adadin ruwa sananne ana iya gano ƙarfinsa na asali da ita. Ɗaliban sashen kimiyya za su iya mai da wannan aikin fili mai amfani, su zagaya kasuwanni su auna abin da ake sayarwa.

Shawara ta gaba ita ce a raba cinikin kashi-kashi. Idan aka haɗa tsintsiya da sabulu da jabel da bokiti a tayi guda, babban ɗan kasuwa kaɗai zai iya amsawa, shi kuma zai sayo tsintsiyar daga matan garin ya ɗora ribarsa. A ware kayan gida, wato tsintsiya da sabulu da kanwa, a ba ƙungiyoyin mata, irin na Mata Masu Dubara da suka faro a jahar Maraɗi a 1991 suka bazu ko'ina. Kayan sinadari da safar hannu a ba ɗan kasuwa mai rajista da za a iya kamawa in ya saɓa. Cikas ɗin shi ne cinikin hukuma yana neman lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci, abin da galibin ƙungiyoyin ƙauye ba su da shi. Kwamitin iyaye bai ɗaure da wannan sosai ba, ƙaramar hukuma kuwa tana iya taimakon haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata ta samu takardun.

Rabawar tana da wata fa'ida. Kaso mai yawa na kayan masana'anta da ake gani a kasuwannin Damagaram daga Kano yake shigowa, ta hanyar Daura da Matamaye ko ta Magarya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har cikin 2024. Tsofaffin malamai kuma ba su manta da yadda karyar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka farashin kayan waje ba. Makarantar da sabulunta da tsintsiyarta daga cikin gari suke, jabel kaɗai za ta nema in hanya ta toshe.

Game da jabel ɗin, tun da ba ya jure ajiya, kada a karɓi na shekara a tashi ɗaya. A rubuta cewa za a kawo shi sau uku, a farkon kowane zangon karatu, a biya kuɗin kowane kashi bayan gwaji. Ɗan kasuwa zai ce kuɗin mota zuwa Mowa ko Mazamni ya yi yawa a kan ƴan kwalabe, kuma yana da gaskiya. Maganin shi ne makarantun ƙaramar hukuma guda su haɗa odarsu ta hannun tarayyar kwamitocinsu, a sauke a wuri ɗaya ranar kasuwa.

Sharaɗi na ƙarshe ya shafi aikinmu kai tsaye. A wajabta wa wanda ya ci cinikin ya kawo, tare da kayan, takarda guda da Hausa, da boko da ajami, mai nuna sirkin da ma'aunin da ke akwai a makarantar: marfi kaza na wannan kwalba a bokiti mai lita 10, da hoton abubuwan da ba a haɗawa. A ƙauyukan da ake jin Barbarci ko Fulatanci a ƙara da su. Kundin da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma kalmomin désinfectant da dilution da corrosif ba su da daidaitacciyar fassara da kowa ya yarda da ita. A nan mun yi aiki da “maganin kashe ƙwayoyin cuta” da “sirki” da “mai ƙona fata”. Muna miƙa su ga abokan aiki su gwada a kan masu gadi da ɗaliban aji biyar, su gaya mana wadda aka fahimta ba tare da ƙarin bayani ba.